Aku da Katin Cikin Jaka

Akwai wata yarinya da ake ce wa Aku, don bakinta ba ya hutawa. Kalmomin Jamusanci uku kacal ta haddace. Amma a makaranta cewa take ta iya duk harsunan Turai.

Babanta direban tasi ne. Wata rana da azahar ya shigo gida a rikice, riƙe da ƙaramar jaka.

"Baƙi na yi ta kwasowa daga filin jirgi," in ji shi. "Wani ya manta wannan. Ban san wane ne ba."

Mama ta buɗe jakar. Ta yi salati.

"Allurar ciwon suga ce! Mai ita ba zai daɗe ba idan babu ita."

Babu suna, babu lambar waya. Sai wani kati mai zanen fure, da rubutun yaro: "Goedemorgen, oma!"

Aku ta fizge katin. Ko kalma ɗaya ba ta gane ba. Amma ta ɗaga hanci.

"Wannan ai Jamusanci ne."

"Kin tabbata?" in ji Baba.

"Haba Baba! Ko ina barci zan gane shi."

Jamusawan da Baba ya ɗauko sun sauka a otal can ƙarshen gari. Baba da Aku suka shiga mota. Hanya ta cushe. Baba sai duba agogo yake yi.

Sai bayan awa guda suka isa. Wani dattijo Bajamushe ya sa tabarau, ya duba katin. Ya yi magana, mai karɓar baƙi yana fassarawa.

"Ya ce ba harshensu ba ne."

Baba ya juyo a hankali. "Aku?"

Hawaye ya zubo mata. "Baba, ƙarya na yi. Ban sani ba."

"Kin san ran mutum ne a cikin jakar nan?"

Ta kasa ɗaga kai.

Dattijon ya ɗauki biro. Ya rubuta "Guten Morgen" a ƙarƙashin gaisuwar. Mai karɓar baƙin ya ci gaba da fassara.

"Ya ce ga nasu. Sun yi kama, kamar wa da ƙane. Na katin na mutanen Holan ne. Jika ne yake yi wa kakarsa barka da safiya."

"Kaka!" in ji Aku. "Baba, akwai tsohuwa a cikin baƙin da ka ɗauko?"

Baba ya dafe kai, ya tuna wata tsohuwa da ya ɗauko tare da 'yan Holan. Nan take ya kira ofishin direbobi. Aka ce 'yan Holan suna masauki kusa da gidansu Aku. Baba da Aku sun ma wuce ta ƙofarsa ɗazu!

Suka iske tsohuwar a kan kujera, leɓenta a bushe, ana yi mata fifita. Wata ma'aikaciyar jinya ta karɓi jakar da gudu.

Aku ta tsaya a bakin ƙofa. Can bayan an yi mata allurar, sai tsohuwar ta ɗago. Ta rungume katin, ta yi musu murmushi.

A mota Baba ya ce, "Da kin ce ba ki sani ba, da mun tambaya tun farko."

"Na tuba, Baba."

Ya shafa kanta. Daga ranar Aku ta gane cewa faɗin "ban sani ba" ba abin kunya ba ne. Ƙaryar sani ce take iya cutar da mutum.