Laka a kan kwanon Harisu

Suwaibatu ba ta da miji, ba ta kuma da gona. Mijin Allah ne ya ɗauka, gonar kuwa mutane.

Almu ya rasu a hanyar Funtuwa shekarar da naira ta shigo, motar auduga ta kife da shi. Kwana goma sha ɗaya tsakani, mahaifinsa Baba Gide ya bi shi. Waɗannan kwanakin su suka cinye komai. Shekara ashirin Almu yana noman gandu a Ketare, shi ya sare fadamar da ke ciki ya dasa rake, amma gandu na uba ne. Ranar rabon gado liman ya faɗi abin da ke cikin littafi: wanda ya riga ubansa mutuwa ba ya gado, 'ya'yansa ma ba sa samu muddin akwai wani ɗa a raye. Ɗan da ke raye shi ne Harisu, ƙanen Almu, wanda ya daɗe da ajiye garma ya tafi Kaduna aikin masaƙa.

Ana jibi zai cika, tsohon ya ce wa Suwaibatu a gindin rumbu fadamar ta marayu ce. Ba a rubuta ba, ba a kira kowa ba. Da ta faɗa a wurin rabo, aka tambaye ta shaidu. Ta sunkuyar da kai.

Harisu ya kwashe rumbun har ƙasa, ya rufa wa ɗakinsa kwano, ya fara kai wani ɗan kwangila fadamar yana nuna masa yashi.

Wata Alhamis da magariba Suwaibatu tana tuƙa tuwo, kaji suka ƙi shiga akurki. Iska ta tsaya. Sai wani abu ya faɗo kan sabon kwanon, tim. Aka yi shiru. Sai wani. Da Harisu ya haska tocila, ya ga laka ce baƙa, jiƙe sharkaf, a tsakiyar rani. Suwaibatu ta san warinta. Ta sha wanke ta a rigar Almu.

Kullum magariba haka. Ran na tara aka tarar da Lauratu, 'yar Suwaibatu ta fari, zaune a gindin rumbun, idanunta a kafe, hannuwanta duk laka. Suwaibatu ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba saboda kunyar 'yar fari. Ran nan ta kira, har sau uku. Ba a amsa ba.

Aka ɗauko Malam Nata'ala daga Damari. Ya iso rana na shirin faɗuwa, ya sa aka kira maƙwabta biyu, ya turara habbatussauda, ya daɗe yana karatu a kunnenta. Can yarinyar ta buɗe baki, muryar wani tsoho ta fito.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Kai wane ne, kuma mi ta yi maka?"

"Ba ta yi mani komai ba. A rumbun ga nike tun Gide yana saurayi. An kwashe shi, an fid da ni kamar yadda aka fid da marayun ga daga gado." Kan yarinyar ya juya a hankali. "Harisu! Ina nan ran da ubanka ya ce fadama ta marayu ce. Na ji da kunnena."

Yarinyar da ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai Baba. Tocilar ta faɗi daga hannunsa.

"Ba a karɓar shaidarku a gaban alƙali," in ji malamin. "Kuma zalunci ne ka kama marainiya don ka nema mata hakki. Ka fita."

"Shi ya faɗa da bakinshi, in fita."

Malam Nata'ala ya dubi Harisu. "Shari'a ta ba ka. Amma Littafin da ya ba ka, shi ya ce idan marayu suka halarci rabo a ba su wani abu."

"Na bar masu," in ji Harisu. "Wallahi na bar masu fadamar."

Malamin ya sa aljanin ya rantse ba zai sake taɓa yarinyar ba, ba zai sake kusantar gidan ba har abada. Ya rantse. Lauratu ta yi atishawa uku, ta sulale jikin uwarta tana neman ruwa.

Wata biyu gidan lafiya lau. A na uku tifar ɗibar yashi ta shiga fadamar, aka tumɓuke raken Almu. Suwaibatu ta taka har Kankara wurin alƙali da maƙwabtan nan biyu. Harisu ya zo da sabon keke, ya ce tsoro ne ya sa shi faɗa. Alƙali ya ce kyautar da aka yi bisa tsoro ba ta ɗaure mutum.

Yanzu tana Mairuwa wurin yayanta, ita da 'ya'yanta mata uku, suna surfen mutane. Wani lokaci da magariba takan ajiye taɓarya ta kasa kunne, tana istigfari saboda ta san abin da take so ta ji: faɗuwar laka a kan kwano. Ba ta taɓa jin komai ba. Aljanin ya cika alkawarinsa.

Allah ka jiƙan Almu da Baba Gide. Ka sa mu faɗi abin da za mu faɗa a gaban shaidu tun muna da numfashi. Ka bi wa marayu hakkinsu a ranar da babu mai musu. Wanda ya ji wannan, ya ce amin.