Goyon Kadi

Ranar da Asabe ta fara ganin Ishaku ko kallon kirki ba ta yi masa ba, idonta na kan allurar sikeli. A 1984 ne, ruwa ya ƙi sauka, sojoji ke riƙe da ƙasa, gidan marayun da majami'arsu ta buɗe a Gudel ya cika har ana kwana a baranda. Tunda ta gama lakwal, wato makaranta, take zuwa kullum ta dama kunun jar dawar taimako. Shi kuwa ma'aikacin jinya ne, ran Asabar yake zuwa a keke ya auna yara.

Ta kwanto wata 'yar ƙanƙanuwa daga bayanta ta ɗora kan sikelin. Kadi sunanta, motar soja ce ta kawo ta daga sansanin masu gudun yunwa, uwar ta rasu a hanya. Ishaku ya daɗe yana duban allurar bai rubuta ba. Da ya tambayi cinta, Asabe ta ce ba ta buɗe baki sai tana goye an juyo da ita gefe, kuma an gwada kowa, bayanta kaɗai ta yarda da shi.

"To kar ki sauke ta," ya ce a hankali. "Ba mu da maganin da ya fi wannan."

Bayan wata guda ya fara bar mata 'yan takardu a ƙarƙashin sikeli.

"Uwar Kadi, ɗiyarki ta ƙaru kaɗan. Ni ne na ragu, tun waccan Asabar abinci ya daina yi mini daɗi."

Sau uku ta karanta a bayan madafa, kunya kamar ta nutse. Ta yaga amsa huɗu kafin ta bar wannan:

"Ka ci abinci don Allah. Ramar yara ta ishe mu."

Haka soyayyar ta tsiro, a gidan da madarar gari ke ƙarewa kafin wata ya raba. A mako guda suka binne yara biyu, Asabe ba ta da abin ba sauran sai waƙar yabo da ruwan ɗumi.

Da Kadi take komawa gida unguwar Mawre, da ita take zuwa sujada. Budurwa da goyo, ga saurayi na kiranta uwar yarinya, ai sai bakin mutane ya buɗe. Zancen ya kai Dogon Dutsi, wurin Inna Marta, mahaifiyar Ishaku. Ta aiko cewa ba za a kai goro gidan da aka riga aka yi suna ba, ga Mariyama ɗiyar dattijon majami'a tana nan.

Malam Garba, uban Asabe, wanda ya raine ta shi kaɗai tun rasuwar uwarta, ya ce ta bar yarinyar a Gudel har ƙura ta lafa. Ta bi maganarsa. Kwana biyu Kadi ta datse baki, ran na uku aka aiko kiranta. Ta same ta ko kukan ba ya fita. Ta goya ta, ta zauna ta rubuta:

"Ishaku, ba ni iya sauke ta, ba ni iya rabuwa da kai, na rasa abin da zan roƙi Ubangiji. Ka bi maganar Inna."

Amsarsa gajera ce:

"Tawa, ni na ce kar ki sauke ta. Na roƙi Inna ta zo ta gani da idonta. Ban san mi za ta ce ba."

Inna Marta ta zo gidan marayun ran Asabar, ta zauna kan tabarma, ko ruwan da aka kawo ba ta taɓa ba. Asabe ta durƙusa gaisuwa, sai zanen goyon ya sulluɓe, kan Kadi ya langaɓe baya, ta yi maza ta tare da hannu.

"Juyo in gani," in ji tsohuwar. "Wa ya koya miki goyo?"

"Ba kowa, Inna."

"Ai na gani. Ba majanyi, ƙafafu a cure ciki, ƙulli a wuya. Wadda ta yi jego ba ta wanga ɗauri, ko itace ba a ɗaure shi haka."

Ta cire mayafinta ta matso tana faɗa, ta ware ƙafafun yarinyar, ta ɗaga ta sama. Can yatsunta suka sauka kan haƙarƙarin Kadi, sai faɗan ya tsaya. Ita ma ta binne biyu a yunwar da ta gabata. Ta yi majanyi da mayafin, ta ɗaure a hankali, ta daɗe hannunta na wurin.

Ta tambaya ina za a kai yarinyar in an yi aure. Asabe ta buɗe baki za ta ba ta haƙuri, hawaye suka riga ta. Tsohuwar ta dubi ɗanta da ke tsaye riƙe da sikeli kamar mai jiran hukunci.

"Ɗaki guda gare shi, ɗiyata," ta ce. "Sai ku matsa mata."

Bayan Kirsimeti aka ɗaura aure a ƙaramar majami'ar Gudel. Ba a yi shagali ba, tukunyar shinkafar ma yaran gidan aka fara zuba wa. Amarya ta shigo da farin lulluɓi, Kadi na barci a ƙarƙashinsa, matan zumuntar majami'a suna guɗa ƙasa-ƙasa kar ta farka.

Fasto ya ɗora musu hannu su uku. Ya roƙi Ubangiji ya zaunar da su lafiya, ya raya abin da ke bayan amarya, ya tuna da ƙasar da ruwa. Asabe ta ji hannun Ishaku ya nemi nata, suka ce amin tare da jama'a.