Ƙofa ta Biyar a Madatsar Ruwa

Ku kashe wayoyin nan ku matso. Wanda ya san zai yi fitsarin kwance ya tashi tun yanzu.

Kun san Tasi'u ɗan Gwaggo Larai, mai rubuta manhajar kwamfuta. Shi da amininsa Lawandi aka ba wa aikin ƙofofin madatsar ruwan garinmu. Ƙofofi huɗu ne, kowacce da gonakin da take shayarwa. Akwai ta biyar, tsohuwa, an rufe ta tun ba a haife mu ba. Hanyar ruwanta ta ƙarƙashin ɗakin na'ura ta bi, ta nufi kurmin tsamiya. Aikinsu shi ne su rubuta wa na'urar umarni da yaren C, a danna lamba, ƙofar lambar ta buɗe.

Nan suka saɓa. Tasi'u ya fi son jerin if: in ɗaya ce yi kaza, in ba ita ba duba biyu, haka har ƙarshe. Dogo ne, amma da an dace da guda an bar sauran. Lawandi ya ce wannan rubutun 'yan koyo ne, switch za a yi, lambobi a jere tsaf kamar kayan shago. Tasi'u ya tuna masa halin switch. Kowace lamba sai an sa mata break a ƙasa, wato tsaya nan. In aka manta, na'ura zarcewa take yi ta aikata umarnin lamba ta gaba.

"Haba ɗan'uwa," in ji Lawandi, "ni ne zan manta?"

Shekara goma sha biyu suna cin tuwo a kwano ɗaya. Tasi'u ya sakar masa, ko dubawa bai yi ba.

Ranar gwaji Lawandi ya ce zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya miƙa wa Tasi'u filashi mai ɗauke da manhajar, ya ce ya je da tsakar rana lokacin da babu kowa, ya gwada lamba huɗu kawai. Tsakar rana fa! Ko makiyayi ba ya raɓar bakin ruwa a lokacin.

Ɗakin na'ura tsit. Tasi'u ya jona kwamfuta. Sai ƙarnin laka ya cika masa hanci. Wani dattijo na zaune a kan buhun siminti, rigarsa jiƙe sharkaf, ƙasa kuwa a bushe. Bai yi sallama ba. Muryarsa kamar daga cikin rijiya.

"Danna huɗu."

Tasi'u ya ce wa dattijon ya yi haƙuri, bari ya duba tukuna. Da ya sunkuyar da kai, idonsa ya faɗa kan ƙafafun dattijon. Kofato ne, irin na jaki.

Bakinsa ya kama addu'a, idonsa na bin rubutun. Ɗaya da break. Biyu da shi. Uku da shi. Huɗu babu. A ƙasanta ga lamba biyar, wadda ba su taɓa maganarta ba.

"Mantuwa ya yi," in ji Tasi'u a hankali.

"Bai manta ba," in ji dattijon. "Ni na sa aka ba shi aikin. Ya ce abin da ya zarce huɗu nawa ne. Ruwan, da mai dannawa."

Wallahi Tasi'u ya ce min baƙin cikin ya fi tsoron yawa. Lawandin da ya raka shi neman aure, Lawandin da Gwaggo Larai ke kira ɗana.

Ya rubuta break a ƙasan huɗu, ya ɗora wa na'urar, ya danna. Ta huɗu ta buɗe. Ta biyar ta yi ƙara sau ɗaya, daɓen ɗakin ya girgiza, sai shiru.

"Ka tsayar," in ji muryar. "To shi amininka ba zai tsaya ba."

Ya waiga. Buhun siminti kawai, a jiƙe.

Ya tarar da Lawandi a zaure yana shan fura, lafiyarsa garau. Da ya ga Tasi'u ludayin ya suɓuce masa. Ko sannu da zuwa bai iya cewa ba, sai "Ka danna?" Tasi'u ya ajiye masa filashinsa kusa da ƙwaryar, ya fita.

Kun san mutumin nan da ke bin layin kasuwa, ya taɓa wannan ƙofa ya zarce waccan, ƙafafu duk sun tsattsage? Lawandi ne. Uwarsa kan tsaya a ƙofar gida tana kiransa, ya taɓa ƙyauren ya wuce.

Tasi'u kuwa har yau da yatsa yake bin kowane layi, ko rubutun wa ne. Ku ma ku ji da kyau: in rana ta take, kada wanda ya bi hanyar madatsar nan shi kaɗai, ko da amininsa ne ya aike shi.