Jaket Mai Aljihu Huɗu

Tabitha tana durƙushe a ɗakin ɗinkinta da ke cikin gidansu a Lokuwa, tana zana yadi da alli, sai ta ji gafara a ƙofa. Mama Salomi ce, mahaifiyar Seth, saurayin da saura wata ɗaya su yi aure. Daga Kwaja ta taso da ƙunshin gyaɗa a ka, ta zo a gwada ta ɗinkin biki.

"Mama, sannu da hanya! Ga kujera."

Mama ba ta zauna ba. Idonta ya sauka a kan wata jaket ruwan ƙasa da ke rataye bayan keken ɗinki. Aljihu huɗu gare ta masu marfi, ga ɗan maɗauri a kowace kafaɗa, ga maɓallan ƙarfe a jere.

"Rigan nan na waye? Kamar na soja."

"Ta kostoma ce, Mama. Dizayin ne kawai, ba kaki ba ce. Kin ga yadin ma ba na soja ba ne."

Mama ta buɗe kafaɗun rigar da hannu biyu. Ta san jikin ɗanta. Seth siriri ne, wannan kuwa ta ƙato ce.

"Wane kostoma? Ba shi da suna?"

Kafin Tabitha ta amsa wayarta ta yi ƙara. Tana duba fuskar wayar sai ta fice tsakar gida da sauri. Mama ta matsa jikin taga ta kasa kunne.

"Plis ka kira an jima," Tabitha ta ce ƙasa-ƙasa. "Tana nan... A'a, ba ta sani ba. Seth ma bai sani ba."

Da ta dawo ɗakin babu kowa, sai ƙunshin gyaɗa a kan kujera.

Bayan an tashi makaranta sai ga Seth, malamin firamare ne, ko allin hannunsa bai wanke ba.

"Tabi, waye ya kira ki?"

"Seth, zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba! Mama ta same ni a gaban ɗalibai tana kuka. Mene ne abin da ni ban sani ba?"

"Amana aka ba ni. Ka yi mini haƙuri zuwa Asabar, za ka ji komai."

"Amanar wani ƙato ta fi ni? Ba ni wayar."

Ta ɓoye wayar a bayanta, hawaye na zuba. Seth ya dube ta, ya dubi jaket ɗin, ya yi wata dariya marar daɗi.

"Shekara uku muna tare, ko aljihu ɗaya ba ki taɓa ƙawata mini haka ba."

Ya fita, ya bugo ƙofa.

Abin da Seth bai sani ba shi ne, yayansa ne mai kiran. Ezekiya soja ne, kuma wata uku da suka wuce motarsu ta taka nakiya, ya rasa hannun hagu daga gwiwa. Bai gaya wa kowa a gida ba, saboda Mama tana da hawan jini, Seth kuwa bai iya ɓoye mata komai. Da aka sallame shi daga asibiti ya sauka a gidan wani abokinsa a Kolere, ya nemi Tabitha. So yake ranar da Mama za ta fara ganinsa ta gan shi a tsaye kamar yadda ta saba, kafin ya zaunar da ita ya faɗa mata da bakinsa. Tare suka tsara rigar. Ita ta ce a bar maɓalli mai rami, a sa na ƙarfe mai dannawa, wanda hannu ɗaya zai iya rufewa. Ta cika hannun hagu na rigar da auduga, ta yi masa maɓalli a ɓoye cikin aljihun ƙasa, yadda mai kallo zai ɗauka hannunsa ya sa a aljihu.

Tana share hawaye ta kira shi.

"Yaya Ezekiya, ka sake ni in faɗa. Aurena zai lalace!"

Ya ce, "Ƙanwata, ko madubi ban iya kallo ba tukuna. Asabar kawai nake roƙo. Don Allah."

Ta runtse ido. "To, Yaya. Asabar."

Kwana huɗun nan sun yi mata tsawo. Mama ta aika wa fasto cewa a dakatar da sanarwar aure. Magana ta zaga layi: wasu suka ce Tabitha ta samu soja mai kuɗi, wasu suka ce ai ba soja ba ne, miyagu take ɗinka wa kaya su riƙa tare hanya. A garin da mutane suka taɓa gudu saboda masu shigar kaki, wannan zargi ba abin wasa ba ne. Mata biyu suka zo suka karɓe atamfofinsu ba a ɗinka ba. Mahaifin Tabitha ya kira ta ya tambaye ta sau uku, ta ce masa, "Baba, ban yi abin kunya ba," ba ta ƙara ba. Seth ya daina ɗaukar wayarta, amma sau biyu ta hango shi a bakin layi, tsaye jikin shagon caji, yana lura da masu shiga gidansu.

Ita dai ta ci gaba da aiki. Ta sa shafi, ta warware wuyan rigar sau biyu don bai tsaya yadda take so ba, ta goge ta tas.

Ranar Asabar da hantsi ta naɗe jaket ɗin a leda ta tari keke napep. Ba ta lura da wani keken da ya biyo ta ba, Seth da Mama a ciki. An yi ruwa, hanyar Kolere duk taɓo, suna tafe ana jijjiga su.

"Ka gani ko?" in ji Mama. "Har gida yake kai mishi! Yarinyan nan ya cuce mu."

Seth ya kafa wa keken da ke gabansu ido.

Suka ga ta shiga wani gida mai ƙofar langa-langa. Suka ɗan jira, sannan suka tura ƙofar. Ga wani dogon mutum ya ba su baya, sanye da jaket ɗin, Tabitha ta yi ɗage tana gyara masa wuya.

"Tabitha!" Seth ya daka tsawa. "Ashe gaskiya ne!"

Mutumin ya juyo a hankali.

"Ezekiya?" Mama ta dafe ƙirji. "Ezekiya, kai ne? Yaushe ka zo?"

Ta ruga ta rungume shi, ta kama hannunsa na hagu don ta jawo shi. Maɓallin aljihu ya ɓalle. Ta matsa hannun rigar, ta sake matsawa, ta ji auduga. Ta tafi za ta faɗi, Seth ya tare ta.

Ezekiya ya durƙusa a gabanta, ya riƙe ta da hannunsa ɗaya. "Mama, ina da rai. Dube ni, ina da rai. Hannu ne kawai ya tafi."

Aka daɗe ana kuka a tsakar gidan nan. Da Mama ta samu numfashi, Ezekiya ya faɗa musu komai. "Yau da yamma na so in zo Kwaja. Ni na ɗaure bakin yarinyar nan. Ta roƙe ni in sake ta, na ƙi. Laifina ne."

Mama ta jawo Tabitha jikinta. "'Yata, ki yafe mini. Na ɓata sunanki a gari, kina rufa wa ɗana asiri."

Seth ya kasa ɗaga kai. "Tabi... sori. Ban san da wane baki zan roƙe ki ba."

"Mama tsoro ta ji, na gane," in ji Tabitha. "Amma kai ka san ni, Seth. Kwana huɗu na roƙa, ka hana ni."

"Na yi kuskure. Ba zan sake ba."

Ba ta yafe masa nan take ba. Sai da ya bi layinsu gida-gida da ƙafarsa, ya gaya wa duk wanda ya ji ƙaryar ainihin abin da ya faru, sannan ta yafe masa. Ranar Lahadi Mama da kanta ta miƙe a coci ta wanke Tabitha a gaban jama'a, aka ci gaba da sanarwa, aka ɗaura aure a ranar da aka sa.

Mai karatu, zargi yana da saurin shiga zuciya, kuma rabin magana da aka ji ta taga ya isa ya rusa gida. In wanda ka sani da gaskiya ya ce ka ba shi lokaci, ka ba shi. Wanda kuma ya riƙe amana ya yi haƙuri, ko an zage shi kwana huɗu, Allah ba zai bar shi cikin kunya ba.