Kwalbar Rijiyar Kallamu

Da hantsi aka kira Sufeto Gimba zuwa unguwar Hausawa ta bayan kwatar Trans-Amadi. Shekara biyar ke nan da gama yaƙin basasa, 'yan Arewa sun dawo Fatakwal, ɗanyen man fetur na malala har cikin kwatami.

Dakta Safiyatu, mai binciken kimiyya, na kwance cikin jini a gidanta, an yi mata yankan rago. Kwalaben ƙwan kwaɗi sun farfashe, talibambam masu kai biyu na mutsu-mutsu a ƙasa. Gimba ya daɗe a aikin nan, amma sai da ya ja da baya.

Ya buɗe littafinta. Ashe saƙon da ke umartar tsokar ɗan tayi take bincike: nan ki zama kai, nan ki zama ƙashin baya. Da ruwan ɓargon shanu take gwada saƙon a kan ƙwan.

A kan tebur ga ƙashi ɗanye, an tsaga shi a tsaye. Gimba ya nufi kwata, aka nuna masa Kallamu, mahaucin da ke kai mata ɓargo.

"Rabona da gidanta mako guda, Yallaɓai," in ji Kallamu.

"Tsaga mini ƙashin nan."

Kowane mahauci a gicciye yake saran ƙashi. Kallamu ya tsaga a tsaye, yadda ta koya masa don kada ɓargo ya ɓaci. Hannu ba ya iya ƙarya.

"Wa ya kai mata na yau?"

Wuƙar ta suɓuce wa Kallamu.

"Bara Rakiya matata ta haifi ɗa, bayansa a buɗe, kwanansa biyu ya koma. Yau na leƙa kwalabenta, na ga abin da take yi da ɓargona. Mayya ce! Ga Rakiya da wani cikin, in zuba ido?"

Gimba ya buɗe shafin ƙarshe na littafinta, ya karanta masa a hankali, don ya so Kallamu ya ji zafin:

"Kwalba ta tara, ruwan rijiyar Kallamu. Warin mai yake. Ban sa komai ba, amma duk ƙwan sun nakasa. Gobe in ya zo zan ce Rakiya ta daina sha."

"Ta buɗe baki za ta yi magana," in ji Kallamu. "Ban bari ba."

Aka sa masa ankwa. Motar 'yan sanda ta bi ta ƙofar gidansa, ga Rakiya da tsohon ciki a bakin rijiya, ta kafa kai a guga tana sha.