Bugun Zuciyar Baƙar Mage

Ruwan wankin almakashi kawai Kubura ta fito zubarwa. Da ta zubar ta saɓi jakarta ta kama hanya, da babu wannan labari.

Asibitin dabbobin nasu ɗan ƙarami ne, a kan hanyar Kiyawa, can inda gidajen Dutse ke ƙarewa duwatsu su karɓa. Ɗaki biyu da rumfa, shi ke nan. Dakta Muntaka ke yin tiyata, Kubura ke sa barci. Kada wani ya taɓe baki ya ce ai allura ce kawai. Allura ce kawai? Je ka kwantar da karen farauta a buɗe masa ciki, ka tsare shi tsakanin farkawa da mutuwa har a ɗinke, sannan ka dawo mu yi magana. Maganin ya yi kaɗan, dabba ta farka da wuƙa a ciki. Ya yi yawa, ta wuce ba sallama. A wannan ɗan tsakanin Kubura ke cin abincinta.

Cikinta wata bakwai a lokacin. Biyu sun zube kafin wannan, shi ya sa Innarta ta kafa mata doka: mai ciki ba ta kai almuru a waje. Ita ma ba ta ja da dokar. Ranar ce dai mijinta Sagiru ya kira ya ce tayar adaidaita ta yi faci, ta ɗan jira shi.

Ta yi bisimilla, ta watsa ruwan a gindin dabino. Tana ɗagowa ta ga tsoho tsaye, riƙe da kwando an rufe shi da buhu.

Farfajiyar nan tsakuwa ce zalla. Ko kaza ta ratsa sai ka ji. Ba ta ji takunsa ba.

"Salamu alaikum, 'yata. Haihuwa ce ta gagara."

"Wa alaikumus salam, Baba. Ai mun tashi. Ka kawo ta da sassafe."

"Ba ta kai safe."

Wani ƙanshi ke tashi daga jikinsa, irin na ƙasar da ruwan farko ya daka, alhali ko hadari babu a sama. Kubura ta ɗaga buhun. Mage ce baƙa wuluk, ciki ya yi tulu, tana haki baki a buɗe. Ba ta dubi fuskar Kubura ba. Cikin Kubura ta zuba wa ido.

"Ke ma da kayanki, na gani," in ji tsohon, a hankali. "Ki riƙe mana namu, a riƙe miki naki. In namu ya kuɓuce…"

Bai ƙarasa ba. Abin da ke cikinta, wanda tun safe yake shurinta har tana yi masa tsiya, ya yi tsit.

Dakta Muntaka ya fito da buta a hannu, ya ajiye, ya lallatsa cikin magen.

"Ɗa ya gitta. Sai aiki, kuma yanzu. Kubura, auna ta. Baba, ka jira mu a rumfa."

Ma'auni ya ce mage ce kamar kowace mage. Kubura ta aske mata ƙafar gaba, ta sa kanula, 'yar robar da ake zurawa a jijiya, ta tura maganin barci na ketamin daidai nauyinta. Jiki ya saki. Ido bai rufe ba, dama haka ketamin yake: dabba na barci ido a buɗe. Sai an shafa man ido, in ba haka ba ya bushe. Ta shafa mata da ɗan yatsa.

"Yi haƙuri, Hajiya, yanzu za a gama."

Haka take kiran duk macen da ta hau teburin nan, akuya ce ko karya. Dakta ya daina yi mata dariya tun tuni.

Ta maƙala wa harshen ɗan matsin na'urar da ke karanta bugun zuciya. Na'ura ta ɗauka: ƙif-ƙif-ƙif-ƙif. Zuciyar mage gudu gare ta, kamar keken ɗinki ana jibi salla. Dakta ya shimfiɗa koren ƙyalle ya lulluɓe ta tun daga wuya, sai 'yar tagar da aka yanke daidai ciki. Iyakar abin da mai tiyata ke gani ke nan. Sauran jiki na mai sa barci ne. Kubura ta ja kujera wajen kai, ta zura hannu ƙarƙashin ƙyallen, ta ɗora yatsu a kan ƙafar nan mai kanula.

Wuƙa ta shiga. Ƙarnin jini ya gauraye da warin maganin wanke rauni.

Sai na'ura ta fara jan ƙafa.

Ƙif. Ƙif. Ƙif.

Kubura ta ɗaga leɓen magen. Dasashi jajir, lafiya lau. Ta dubi ƙirji, numfashi na tafiya daidai. Magen da zuciyarta ta sauka haka, ai ya kamata dasashi ya yi fari fat.

"Bugun nan bai yi ƙasa ba kuwa?" Dakta ya tambaya, bai ɗago ba.

"Dasashi ja, numfashi daidai. Ci gaba, Dakta."

Ta kai ɗaya hannun wuyanta, ta laluba jijiyar kanta. Ta saurari na'ura.

Tare suke bugawa. Bugun babban mutum ne.

Ɗif, aka ɗauke wuta.

Tagar ɗakin tiyatar an daɗe da toshe ta da kwali saboda ƙuda, janareto kuma na wajen mai gyara. Dakta ya yi tsaki, ya danna fitilar goshinsa da damtse. Haske ya faɗa kan 'yar tagar ƙyallen, nan kaɗai. Wajen kai, inda Kubura take, duhu ne ƙirin. Na'ura ta koma kan batir tana ta ƙif, ƙif.

A ƙarƙashin yatsunta, gashi ya ɓace.

Fata ce, santsi, da sanyi kamar randa. Ta matsa yatsa kaɗan. Kanula na nan inda ta sa ta. Kusa da ita, wani abu mai tauri ya zagaye. Awarwaro.

Ƙanshin lalle ya bugi hancinta.

Yatsu dogaye suka juyo a hankali, suka naɗe wuyan hannunta.

Ihu ya zo mata har maƙogwaro. Ta haɗiye shi da ƙyar. Hannun Dakta na cikin mahaifa, wuƙa na kusa da jijiya. Mutumin da ya firgita a nan, yanka ɗaya zai kauce, jini ya ɓalle, shi ke nan. In nasu ya kuɓuce. Ta dafa cikinta da ɗaya hannun. Shiru.

"Karɓi na farko."

Ya miƙo mata ɗan abu jiƙe a tawul. Ta karɓa da hannu ɗaya, ta ɗora a cinya tana murzawa. Ya motsa. Ya buɗe baki.

"Inyaa! Inyaa!"

Fitilar goshin Dakta ta ɗan girgiza.

"Kai. Wannan kuwa murya gare shi."

"Ƙoshi ne, Dakta. Miƙo na biyu."

Ya miƙo. Ta sa su a kwali kusa da ƙafarta. Ba ta duba ba. Ba ta son dubawa.

Yatsun nan suka ƙara matse ta. Daga cikin duhu, daidai kunnenta, murya ta fito siririya, ta mace.

"Zafi."

"Tana ɗaure ciki," in ji Dakta. "Barcin ya yi sama. Ƙara mata."

Sirinjin wani farin maganin barci mai kama da madara na rataye a bakin kanula, babban yatsanta na kai. To, nawa za ta tura? Ma'auni ya ce ɗigo kaɗan. Hannun da ke riƙe da ita ya ce sirinji guda ma sai an ƙara. In ta ba da na mace alhali mage ce, ta kashe ta. In ta ba da na mage alhali mace ce, za ta tashi zaune da ciki a buɗe.

Ta tura ɗigo. Ta jira.

"Zafi."

Ta ƙara ɗigo. Ta jira.

Farce ya shiga fatarta.

Ta ƙara.

Riƙon ya sassauta. Ya ƙara sassautawa. Yatsun suka zame, suka faɗi a kan teburi, awarwaro ya yi ƙwal.

Kubura ta kasa kunne wajen numfashi.

Babu.

Na'ura ta yi wani ɗan kuka, batir ya ƙare.

Ƙofar ɗakin ta yi ƙiii a bayanta. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin. Ba taku. Wani dai na tsaye daf da kujerarta, tana jin sanyinsa a ƙeya.

Cikinta ya ɗaure tamau. Ciwo ya soko ta ƙugu. Ta san ciwon nan. Sau biyu ya taɓa zuwa.

Ta lalubo jakar robar da ake hura wa dabba numfashi da ita, da ɗan kofin da ake kifa wa mage a baki da hanci. Ta kai hannu wajen kan.

Leɓe. Dogon hanci. Kitso ƙanana, sun jiƙe da gumi.

Kofin bai rufe ko bakin ba.

Ta jefar. Ta miƙa hannu kan shiryayye, ta finciko babban, na karnukan gadi. Ta kifa. Ya zauna daram.

Ta matsa jakar.

Koren ƙyalle ya ɗaga. Ya ɗaga tun daga wuya har ƙarshen teburi, har gaba da ƙarshen teburi, inda bai kamata a sami komai ba. Tiren kayan aiki ya yi kacau.

"Wa ke taɓa min tire?"

"Ni ce, Dakta. Ɗinka."

"Saura fata."

"Ɗinka, don girman Allah."

Ta matsa. Ta saki. Ta matsa. Da ɗaya hannun ta kamo wuyan hannun nan mai sanyi, ta nemi jijiya. Bugu na nan, can nesa, kamar daka a wani ƙauye.

Ta sunkuya har leɓenta ya taɓa kitson.

"Hajiya," ta raɗa, wannan karon ba wasa a ciki. "Numfasa. 'Ya'yanki biyu na nan, duk da rai. Numfasa, ki bar min nawa."

Ta matsa.

Shiru.

Sanyin nan ya sauko kan kafaɗarta.

Ta matsa.

Sai jakar ta motsa da kanta a tafin hannunta. Wani dogon numfashi ya shiga, ya fito da nishi, irin na macen da ta sauke tulu bayan tafiya mai nisa.

Can cikin gari, ladan ya ɗaga murya. Ƙwan fitila ya yi ƙyaf-ƙyaf, wuta ta dawo.

Mage ce a kan teburi. Baƙa, 'yar ƙarama, ido a buɗe yana sheƙin mai. Kofin ya haɗiye kanta gaba ɗaya har kunnuwa. Ƙofa a rufe take. A kwali, 'yan maguna biyu na ta mutsu-mutsu.

Dakta ya yanke zare, ya ɗago, ya kashe fitilar goshi.

"Kubura, wannan ai na kare ne."

"Shi hannuna ya samu."

Ya dube ta, ya dubi wuyan hannunta. Shatin yatsu ne jajaye, kamar an ƙunsa mata lalle. Mutum ne mai hankali. Ya tafi neman butarsa.

Ba ta saki magen ba sai da ta ga ta haɗiyi yawu, ta ƙifta ido, ta ɗaga kai. Sannan ta cire kanula, ta jera su uku a kwandon ta fita da su. Tsohon na rumfa, a inda aka bar shi.

"Baba, a lulluɓe ta, kada sanyi ya kama ta. Ba ci ba sha sai ta miƙe da ƙafarta. Zaren mai narkewa ne." Ta miƙa masa. "Ba sai kun dawo ba."

Ya karɓi kwandon.

"Kin riƙe," ya ce. "Za a riƙe."

Nan take aka shure ta daga ciki, shuri mai ƙarfi, har sai da ta dafa ginshiƙin rumfar. Fitilar adaidaitar Sagiru ta kunno daga titi, ta share farfajiyar tun daga ƙofa har gindin dabino. Ba kowa.

"Ke kaɗai kike magana?" in ji Sagiru.

"Ja mu tafi, Malam. Ka cika tambaya."

Cikin ya kai watanninsa cif. Ta haihu lafiya, mace, aka raɗa mata Hindatu. Shatin lallen ya goge ranar suna. Kubura ta koma aiki bayan arba'in, sai dai ko gwamna ne ya aiko da magensa, in rana ta yi ja ba ta sa barci.

Yarinya kuwa tubarkalla, ga ƙiba ga haƙuri. Abu ɗaya ne: ido a buɗe take barci. Inna ta ce yara da yawa haka suke, kada a ɗora wa jikarta magana.

Kullum da almuru Kubura kan zauna bakin katifa, ta ɗora yatsu biyu a wuyan hannun Hindatu. Ƙif-ƙif-ƙif-ƙif, kamar keken ɗinki. Ta tambayi nas a wajen rigakafi, nas ta yi dariya ta ce ai duk jarirai haka zuciyarsu ke gudu, sai yaro ya tasa take lafawa.

Kubura ta san haka. Ta kuma san wace halitta ce tata zuciyar ba ta lafawa.

Tana jira yarinyar ta tasa.