Shekarar Da Muka Tono Lambros

Muna zaune a ƙarƙashin rumfar inabi muna soke ganyen taba a doguwar allura, ni da surukata Argiro, sai 'yata Kaliopi ta faɗo gidan ko gaisuwa babu. Daga Larisa ta taho, inda take aure. Ta jefa jakarta a kan kujera ta tsaya a kanmu.

"Inna, gaskiya ne abin da na ji a cikin bas?"

"Zauna ki sha ruwa tukuna, Popi."

"Wai Sterios mai zuma ya shigo gidan nan neman aure. Matar Yaya Lambros yake so."

Argiro ba ta ɗago ba. Ta dai ce wa 'yarta Matula, takwarata da muke gajarta wa suna, ta je ta zuba wa kaji hatsi.

Gaskiya ne kuwa. Ranar Lahadi bayan an taso daga coci Sterios ya zo, ya zauna da hularsa a kan gwiwa, ya ce, "Inna Stamatia, ban iya bi ta bayan gida ba. Ina son Argiro. Na tambaye ta, ta ce maganar tana hannunki." Ban ce masa eh ba, ban ce a'a ba. Na ba shi kofi ya sha ya tafi.

Lambros shi ne ɗana namiji tilo. Tarakta ce ta kife da shi a gangaren gonarmu, bai cika talatin ba. Shekara huɗu ke nan lokacin. Baɗi zai cika biyar, lokacin da muke tono mamatanmu, mu wanke ƙasusuwan da ruwan inabi, mu sa su a akwati a ɗakin ƙashi da ke bayan coci. Kafin wannan rana matar mamaci ba ta cire baƙin kaya, balle a yi zancen aure.

"Ƙasa ba ta gama cin yayana ba," in ji Kaliopi, "ita har ta fara waige-waige. Ranar da aka tono shi aka tarar ƙashinsa ya yi baƙi, ko naman ya ƙi rabuwa, garin nan kaf zai san laifin wa."

Sai a nan Argiro ta ajiye allurar.

"Popi, a shekara huɗun nan kin taɓa ganina da wani launi? Ke kuma sau nawa kika hau maƙabarta?"

"Ni jininsa ce. Ba sai na nuna wa mutane ba."

"To ni ba jininsa ba ce, shi ya sa nake hawa kullum."

Na ce su yi shiru, maƙwabta ba kurame ba ne. Argiro ta kwashe taba ta shige ciki. Kaliopi ta biyo ni kicin, ta rage murya.

"Inna, ke ce uwa. Ke za ki sa ranar tono, ba liman ba, ba ita ba. Tsohuwa Asimina ta garin nan ta bar ɗanta a ƙasa shekara tara, wa ya ce mata kanzil? Ki ce ba ki shirya ba. Wan Sterios ya samo masa aiki a Jamus, ba zai zauna jira ba. Yana tafiya shi ke nan, Matula ta girma a gidan ubanta, ba a gidan wani ƙato mai warin hayaƙi ba."

Na ce mata ta bar ni. Amma maganar ta sami wurin zama a raina, kuma ba don ina ƙin Argiro ba. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, aji uku na yi aka cire ni don aikin gona, saboda haka zan faɗi abin yadda yake. Ba na son a tono ɗana. A kabari yana da sunansa, yana da hotonsa, na san inda kansa yake na san inda ƙafarsa take. Kowace yamma mukan hau da sauran mata masu baƙi, mu wanke dutsen, mu kunna masa fitilar mai, in zauna in ba shi labarin gona da na akuyar da ta haihu. A ɗakin ƙashi kuwa akwati ne kan akwati har rufi, kamar kantin takalma. Mijina yana can, kuma sai ranar tuna matattu nake leƙa shi. Ba wanda ke zama hira a wurin.

Bayan an kwashe inabi na haɗu da Sterios a hanyar rijiya, ya ɗoro akwatunan zuma a kan alfadari. Na tsayar da shi.

"Yaro, gara in faɗa maka tun yanzu. Ban sani ba ko zan tono Lambros baɗi. Ka kama aikinka na Jamus."

"Ai na riga na ce wa yayana ya ba wani."

"Kai lafiyarka kuwa? In na ƙara shekara uku fa?"

"To, uku ke nan." Ya gyara igiyar kayan. "Inna, tare muka yi soja da Lambros, bargo ɗaya muka rufa a kan iyaka. Ba zan sa ki tono shi don ni ba."

"Uwarka ta san ka bar aikin?"

Ya yi 'yar dariya. "Ta sani. Kwana biyun nan gishiri ma ba ta sa mini a miya."

Uwar tasa ba ta tsaya a gishiri ba. A gidan burodi ta ɗaga murya don in ji, wai ɗanta saurayi gar ya yar da arziki saboda bazawara mai 'ya, wadda ko ranar fita daga baƙi ba ta da ita. Kaliopi kuma duk mako sai ta kira a wayar shagon kofi, a aiko a kira ni, tambayarta ɗaya: na gaya wa liman an ɗaga ko ban gaya ba? Tsakanin waɗannan biyun, su masu son juna ko tari ba su yi ba. Idan Sterios ya hango Argiro a hanya sai ya cire hula ya wuce ta ɗaya gefen. Ita kuma ta ci gaba da tashi kafin ni, ta tatsi akuya, ta dama ƙullu, da yamma ta ɗauki bokiti da kwalbar mai ta sa ni a gaba.

Wata yamma a tsakiyar sanyi muka hau, dusar ƙanƙara ta rufe hanya, gwiwoyina suna ciwo. Na zauna a bakin kabarin, ita tana goge dutsen da hannuwan da suka tsage. Ba ta dube ni ba ta ce:

"Inna, na san abin da Popi take faɗa miki. Idan ba ki shirya ba, kada ki tono shi. Zan ci gaba da hawa tare da ke."

"Sterios fa?"

"Ina sonsa. Ba zan yi miki ƙarya a kan kabarin nan ba." Ta matse tsumman. "Amma ni miji na rasa, kuma ga shi har Allah ya nuna mini wani. Ke wa zai ba ki wani Lambros?"

Na kau da kai. Layi biyu gaba da mu Asimina tana zaune a kan kabarin ɗanta, tana yi masa waƙar kuka kamar jiya ya mutu. Surukarta Vaya tana tsugune a gefe tana cire ciyawa. Na san Vaya tun tana amarya, yarinya mai dariyar da ake ji daga wancan ƙetaren. Yanzu ba ta kuka, ba ta magana, ba ta ko kallon hoton. Cire ciyawa kawai take yi kamar 'yar ƙodago a gonar wani, gashin da ya leƙo ta ƙarƙashin ɗankwalinta ya yi fari.

Da muka zo wucewa Asimina ta kama hannun rigata.

"Stamatia, kar ki bari su ruɗe ki. Kin ga ni, nawa yana nan, tawa tana nan. Ban rasa kowa ba."

Vaya ta ɗago ta dube ni, sannan ta dubi Argiro, ta mayar da kanta ƙasa. Wannan kallon ya biyo ni har gida.

Da bikin Ista ya wuce na je wurin limamin cocinmu na ce ya sa mana rana a watan Yuli. Da na faɗa wa Kaliopi a waya ta ce na sayar da ɗana, kuma kada in sa ran ganinta. Na ce mata ranar Asabar ce, bas ɗin safe yana isowa kafin a fara.

Ranar da sassafe mata suka cika maƙabarta. An ɗauke dutsen tun jiya. 'Yan mata biyu suka fara haƙa da shebur, da suka kai ga ruɓaɓɓen katako sai wata tsohuwa da ta saba aikin ta sauka da ƙaramar fartanya, daga baya ta koma tono da hannu. Kowa ya leƙa ramin. Argiro ta matso kusa da ni. Na san abin da take tsoro, domin duk idon da ke wurin launin ƙashin ya zo gani. Can na hango Kaliopi a bakin shinge, da baƙar riga da jakarta a hannu.

Tsohuwar ta ɗago ƙoƙon kan, ta share ƙasar da tafin hannu, ta naɗe shi a farin ƙyalle.

"Fes yake," in ji ta. "Ƙasa ta karɓe shi."

Maganar ta zagaya daga baki zuwa baki. Ni dai na san ƙasar wannan gefen yashi ce, kusan kowa fes yake fitowa. Amma na bar su da faɗarsu.

Aka miƙo mini shi. Ɗan da na goya, na aurar, ga shi a tafin hannuna bai kai nauyin burodi ɗaya ba. Na sumbaci goshinsa, na ce masa sannu da zuwa, ɗana, ka daɗe. Kaliopi ta matso ta miƙo hannu biyu. Na wuce ta na ba Argiro.

"Matarsa tukuna," na ce.

Argiro ta rungume shi a ƙirji. A hankali ta yi magana, amma na kusa sun ji.

"Lambros, Matula ta shiga aji biyu, ta iya karatu. Inna tana lafiya sai gwiwa. Ban bar fitilarka ta mutu ba. Yanzu ka yafe mini, zan tafi."

Daga nan ita da kanta ta juya ta miƙa wa Kaliopi. Kaliopi ta karɓa tana ɗaure fuska, sai yatsanta ya sauka a kan haƙorin gaba da ya ɓalle.

"Ni na fasa masa wannan," in ji ta. "Da dutse, a kan ƙwayar gyaɗa ɗaya. Ya ce wa Baba faɗuwa ya yi."

Sai ta durƙushe. Wannan ne kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza. Argiro ce ta riƙe ta, domin ni hannuna yana cikin wankin ƙashi.

Liman ya yi addu'a, muka sa shi a akwati kusa da na ubansa, muka raba dafaffiyar alkama da rumman a bakin ƙofa. Da baƙi suka watse na kira Argiro ɗakina, na ciro yadi mai ruwan shuɗi da na sa aka sayo mini daga Elasona.

"Ki kai wa tela gobe."

"Inna, yau-yau? Mutane za su ce..."

"Mutane sun gama faɗa da safe."

Kaliopi tana jingine a bakin ƙofa, idanunta sun kumbura. Ta ja hanci ta ce, "Kar ki kai wa telan garin nan, buhu zai ɗinka miki. Ba ni in tafi da shi Larisa."

A watan Oktoba aka ɗaura auren. Ni ban je coci ba, uwa mai baƙi ba ta shiga biki. Amma daga gidana Argiro ta fita, ni na gyara mata lulluɓi a bakin ƙofa. Uwar Sterios ta tarbe ta da cokalin zuma kamar kowace amarya, ko da yake an ce fuskarta ba ta kai zumar zaƙi ba.

Washegari da rana ta karkata na tashi na ɗauki kwalbar mai, har na kai bakin ƙofa kafin in tuna. Kabarin rami ne yanzu, yana jiran wani. Gidan shiru, ko motsin Matula babu. Na koma na zauna da kwalbar a cinya, ban san inda zan sa kaina ba. Ba zan ce ban yi kuka ba.

Sai na ji ana taɓa ƙyaure. Sterios ne, Matula tana riƙe da hannunsa.

"Inna, Argiro ta dafa wake, ta ce ba za a ɗaga murfi ba sai kin zo."

"Ku je ku ci, gwiwata ba za ta kai ni ba."

"Ai da baro na zo," in ji shi. "Ki zaɓa, ko ƙafa ko baro, amma gari zai sha kallo."

Na ɗaura ɗankwalina na bi su a ƙafa. Tun daga ranar, a teburinsu nake cin abincin yamma.

Ni ba mai wa'azi ba ce, amma abin da na gani zan faɗa wa yara masu tasowa. Da su biyun nan sun matsa mini ko sau ɗaya, da na ƙulle zuciyata, da yanzu akwai Vaya biyu a garin nan. Haƙurinsu ne ya kunce ni. Ku kuma iyaye 'yan'uwana, wanda ya tafi ba ya bukatar a ɗaure masa mai rai a bakin kabari. Na saki suruka ina tsoron zan rasa kowa, sai ga shi 'ya na aurar.